TARIHIN JIRA A BAKIN IYAKA: ILLELA DA ƘONNI DAGA 1898 ZUWA YAU



Idan mai karatu ya samu mutumin Illela ya tambaye shi abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya a zaman duniyar nan ta yau, da wuya ya fara kawo masa manyan maganganun siyasa. Abin da zai lissafo shi ne shingayen kan hanya, waɗanda ke sa gajerar tafiya ta cinye wa mutum rabin yini; da canjin kuɗi da ke tashi tsakanin hantsi da la'asar; da man fetur da ake nema a gidan mai a rasa, amma ga shi jere cikin galan a bakin titi; sai kuma uwa-uba, a wayi gari a ji a rediyo an rufe iyaka, alhali jibi ne ɗaurin auren ɗiyar wansa a Ƙonni. In aka ɗauke su ɗaya-ɗaya duk ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda mutum kan yi tsaki ya wuce. To amma da yayyafi kogi kan cika. Abin da nake so mu duba tare shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan takaici yana da ranar da aka haife shi, yana da wurin da aka yanke shawararsa, kuma kusan kullum wurin nan yana da nisan gaske da Illela.

Ga wanda bai san garin ba, Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Shehu in an bi ta Kware da Gwadabawa. Daga can zuwa Birnin Ƙonni da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne kawai, ɗan kabu-kabu kan kai mutum cikin 'yan mintoci. Kasuwar Illela tana ci ran Lahadi, ta Ƙonni ran Laraba, kuma fuskokin da ka gani a waccan su ne dai za ka gani a wannan. Shanu da raƙuma da tumaki da albasa da wake suna gangarowa daga arewa, hatsi da kayan masarufi suna hawa daga kudu. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, auratayya kuwa ba a magana.

KAFIN A JA LAYI

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kafin zuwan Turawa hanya a sake take, kowa ya wuce abinsa. A ƙarni na 19, lokacin da Ƙonni ke bin Daular Usmaniyya, ƙasar da ke arewa da Sakkwato ƙasa ce ta fargaba, saboda hare-haren Gobirawan Tsibiri da na Azbinawa. Wannan ne ma ya sa aikin Marafa Muhammadu Maiturare ya yi suna, shi da ya kafa Gwadabawa ya tsare yankin har jama'a suka samu natsuwar zama da noma, kafin daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. Fatake kuma suna biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da suka ratsa ƙasarsu.

Sai dai akwai bambanci. A wancan zamani madugu ne ke shiga gaba ya daidaita da sarki a madadin ayari duka, an san mai karɓa, an san abin da ake ba shi. Sannan harajin yana kan kayan fatauci. Ba a tare tsohuwar da za ta je barkar haihuwa a ce ta nuna takarda.

LAYIN DA AKA JA DAGA NESA

A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar farko, suka ja layi a taswira daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Da layin ya ƙi warware musu rigima, sai suka sake zama a birnin Faris a watan Yuni 1898. A nan ne suka kafa tsinke a kan Sakkwato cikin taswira, suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce duk abin da ya faɗa ciki na Ingila ne. A lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa, ko sojan Ingila ɗaya bai taka Sakkwato ba, kuma babu wanda ya aiko ya tambaye shi. Bisa wannan zane, Ƙonni da inda Illela take duk ƙasa ɗaya suka faɗa.

Takardar ba ta tsare Ƙonni da komai ba. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta taso za ta tafkin Chadi, ta afka wa garin ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu yawan gaske, 'yan makonni bayan karon da ta yi da Sarauniya a Lugu. Har yau ba a manta da wannan ta'asa a Ƙonni ba.

Abin da ya dami Faransawa da da'irar nan shi ne ruwa. Ta tura hanyarsu ta zuwa Damagaram can cikin ƙasar da rijiyoyi suka yi ƙaranci, ayarinsu na wahala. Saboda haka suka yi ta matsa wa Ingila lamba a gyara. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, sai ƙasashen biyu suka yi wani babban sulhu a watan Afrilu 1904. A cikinsa Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙi da take da shi na masunta a gaɓar tsibirin Niyufawunlan, can kusa da Kanada, ita kuma Ingila ta biya ta da wasu yankuna a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da iyakar nan kudu domin Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi. A gyaran layin da ya biyo bayan wannan musaya ne Ƙonni ta koma hannun Faransa. Wato dai in an bi salsala, cinikin kifin wani teku da mutanen Ƙonni ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya raba su da 'yan'uwansu na Kalmalo da Gwadabawa.

An ƙara daidaita layin a 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi, guda 148, daga Kwara har Chadi. Wannan ita ce iyakar mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da Nijeriya da Nijar suka gada.

GIDA ƊAYA, HUKUMA BIYU

Da farko talakawa ba su ɗauki layin da wani muhimmanci ba, don ba katanga aka gina ba. A hankali ne ya fara shiga rayuwarsu. Gwamna Lugga ya ɗora wa ayarin fatake haraji a tashoshin da ya kafa, kuka ya yi yawa har aka soke shi a 1907. A ɓangaren Faransa kuwa harajin kai ya yi nauyi, ga aikin dole, ga ɗibar soja. Wannan ya sa iyalai da dama suka riƙa sulalewa cikin dare suna komawa ƙasar Ingilishi, wasu su zauna dindindin, wasu su yi cin rani su koma da damina. Ba a soke aikin dole a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Ke nan darasin farko da mutanen bakin iyaka suka koya shi ne, layin yana da cuta, amma yana da magani a jikinsa: in wuta ta yi zafi a nan, sai a tsallaka can.

Daga nan sai bakin mutane ya fara rabuwa. Ɗan wannan ɗaki yana makarantar boko gaban malam, ɗan wancan yana lakwal gaban mushe. Nan kwastan da ɗan sanda, can duwan da jandarma. Kuɗi ma haka: nan fam da sule, can tamma da dala, kuma daga 1945 aka shigo da sefa. Har yau baƙon da ya shiga kasuwar Ƙonni sai ya yi hattara da lissafi, domin in aka ce masa dala ashirin ana nufin sefa 100, in aka ce jika guda ana nufin 1,000. Daga wannan bambanci sana'ar 'yan canji ta samo tushe, kuma daga nan ne magidanci ya fara kwana da kuɗi a aljihu ya tashi ya tarar sun rage daraja ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

BAYAN 'YANCIN KAI

Nijar ta samu 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ran 1 ga Oktoba. Turawa sun tafi, layi ya zauna, har ma ya samu tuta da hatimi. Wani abin dariya da matasan yau ba su sani ba shi ne, har zuwa 1972 direban da ya taso daga Sakkwato yana bin hannun hagu ne irin na Ingila, in ya tsallaka Ƙonni sai ya koma hannun dama irin na Faransa. Sai a watan Afrilu na shekarar Nijeriya ta koma dama. A Janairu 1973 kuma naira ta maye gurbin fam.

Shekarun 1970 lokaci ne da naira ke da ƙarfi saboda kuɗin man fetur. Gwamnati na sayar da mai da araha a gida, a Nijar kuwa yana da tsada, don haka bai buƙaci wani dogon nazari ba kafin galan da durom su fara bin hanyoyin daji zuwa arewa. Su kuma kayan da Nijeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji, irin su atamfa da taba da gwanjo, daga baya shinkafa, sai su sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su ratso Nijar, su shigo ta baya. Kalmar fito, wadda a da ake nufin ƙetarar da mutum kogi da ita, sai ta samu sabuwar ma'ana. Duk dokar hani da aka kafa a Legas ta zama jari ga wani a bakin iyaka, ta kuma zama dalilin ƙara shinge ɗaya a kan hanya.

A takarda kuwa sauƙi ake ta alkawari. An kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971, an kafa ECOWAS a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ba biza. Amma shekara huɗu kacal bayan haka, a farkon 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kuma 'yan Nijar da yawa na cikin waɗanda abin ya shafa.

Babbar girgiza ta zo a watan Afrilu 1984. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba mutane kimanin mako biyu su kai tsofaffin banki, ta kuma rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da ke waje su dawo. Duk Ba'adare ko Bagobirin Nijar da ya sayar da sa ya adana naira a gida, sai ya wayi gari da tarin takardun banza. Abin ya zo daidai da fari mai tsanani, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke. Shi ya sa a ƙauyukan Nijar da dama sunan da aka raɗa wa yunwar wannan shekara shi ne El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, zamanin Babangida. A shekarar ce kuma aka fara karya darajar naira, sannan a Janairu 1994 aka kare darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Kowane karo, ɗan kasuwar Illela da na Ƙonni su ne ke fara jin zafin kafin labari ya gama isa sauran ƙasa.

SHEKARU BIYAR NA RUFE DA BUƊE

Wanda ya ga 1984 zai ce tarihi maimaita kansa yake yi. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari, wannan karo ta farar hula, ta sake rufe iyakokin ƙasa, ta ce don a hana shigo da shinkafa da makamai da fitar da mai. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Illela kuwa a kan layin take. Ma'ana, mai injin niƙa da mai injin ban ruwa a fadama da ɗan kabu-kabu, waɗanda ba su taɓa fitar da ko kwalba ɗaya waje ba, sai sun yi doguwar tafiya neman mai, ko su saya da tsada a hannun 'yan bumburutu. Laifin wani, hukuncin gari guda. Ana cikin haka cutar korona ta zo a 2020 ta ƙara ɗaure ƙofa. Sai ran 16 ga Disamba 2020 aka ba da umarnin buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi na ƙarshen 2022. A farkon 2023 takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum na da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen kokon safe. A birane an koma taransifa. A kasuwar dabbobi kuwa, inda Bafillace ko Buzu ya kawo sa daga nesa ba shi da asusu a bankin Nijeriya, taransifa ba ta da amfani, ga sabis na waya da ke zuwa yana ɗaukewa. A garuruwan bakin iyaka da dama sai mutane suka koma ciniki da sefa, tsohon maganin nan dai na kakanni. Ran 29 ga Mayu 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na kabu-kabu suka bi ta.

Wata biyu bayan haka, ran 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Manyan motoci suka yi dogon layi a Illela da Ƙonni, kayan gwari na ruɓewa, direbobi da yaran mota na kwana ƙarƙashin tirela mako bayan mako. Har maganar yaƙi aka yi, abin da ya sa hankalin kowa ya tashi a Sakkwato, domin duk harsashin da aka harba daga Illela gidan suruki ko na kawu zai faɗa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren ran 13 ga Maris, Nijar ta biyo baya cikin watan. Sai dai a Janairu 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, wato inuwar yarjejeniyar 1979, duk da raunin da take da shi, ta zama abin da sai an sake zama an tattauna.

WA KE BIYAN KUƊIN JIRA?

In mai karatu ya jera waɗannan shekaru, 1898 da 1904 da 1984 da 2019 da 2023, zai ga zare ɗaya ya ratsa su. Matsalar a wani wuri take tasowa: gasar Ingila da Faransa, satar kuɗin gwamnati a Legas, rigimar shinkafa a Abuja, juyin mulki a Yamai. Amma ƙofar da ake rufewa ta Illela ce. Kuma rufewar ba ta taɓa tsayar da kaya cak ba, domin iyakar fili ce shimfiɗaɗɗe, ba kogi ba dutse, hanyoyin jaki da na babur sun fi a ƙirga. Abin da take yi shi ne ta ƙara wa tafiya tsada. Mai babban jari yana da hanyar da zai bi da wanda zai kira. Wanda ke tsayawa a rana shi ne mai buhu biyu na gero, da matar da za ta kai yaro asibitin Galmi, da ɗalibin da zai koma makaranta Sakkwato. Kuɗin da direba ya ajiye a kowane shinge kuwa ba daga aljihunsa yake fita ba, a kan fasinja da mudun hatsi yake faɗawa.

Ba ana cewa a bar iyaka sakaka ba ne. Mutanen gabashin Sakkwato sun fi kowa sanin abin da makaman da ke yawo a daji suka jawo musu a shekarun nan, kuma su ne za su fara maraba da tsaro na gaskiya. Amma tsaro daban, wahalar da bayin Allah daban. Shinge goma da kowanne ke duba abu ɗaya bai kai shinge ɗaya mai aiki da gaskiya ba. Haka nan babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, wadda aka tsara za ta tashi daga Illela ta dire Badagiri, kilomita sama da 1,000, amfaninta ga talaka zai dogara ne ga yawan tsayawar da za a yi a kanta. Kwalta mai santsi ba ta rage tafiya in kowane ɗan taƙi sai an taka birki.

Abin da tarihin nan ke roƙo bai da yawa. Kafin a sa hannu kan takardar rufe iyaka ko hana mai ko canza kuɗi, a tuna akwai garuruwan da kasuwarsu da gonarsu da maƙabartar kakanninsu ke ɓangarori biyu na layin. A nemi sarakunansu da shugabannin kasuwa da na direbobi a ji ta bakinsu, a ba da wa'adi, a bar ƙofar masu ƙafa da marasa lafiya. Tilho da O'Shee ba su tambayi kowa ba domin su baƙi ne masu mulkin mallaka. Shekara sittin da wani abu bayan tafiyarsu, masu yanke hukunci a Abuja da Yamai 'yan gida ne, da yawansu ma Hausar nan suke ji, don haka uzurin da Bature ya fake da shi bai kama su ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon tausaya wa na ƙasa, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya sa albarka a kasuwar Lahadi da ta Laraba. Amin.